Allah Ya Ja Zamanin Masu Koren Bango

A duk sana'o'in da ɗan Adam ya ƙago don neman abin kai wa bakin salati, ban ga mai albarka irin ta mai hasashen yanayi a gidajen talabijin na Amurka ba, musamman in hunturu ya kankama. A ƙasar da likita ke kwana da fargabar lauya, injiniya kuma in gadarsa ta tsage sai ya yi bayani gaban kwamiti, shi wannan bawan Allah zai fito da daddare cikin kwat mai tsada ya shaida wa jama'a cewa gobe dusar ƙanƙara za ta kai ƙugu. Gari ya waye ta tsaya a idon sawu. Da magariba sai ga shi ya dawo da murmushinsa, ko gezau, ya ɗora daga inda ya tsaya, kuma mutanen da ya hana barci jiya su ne za su gyara zama su ƙara murya. Wanda ya taka wannan matsayi ya wuce hassada, sai jinjina. Masu ƙorafi a kansu sun yi yawa, don haka ya kamata wani ya tashi ya faɗi alherin mutanen nan tun suna da rai.

Ku fara duba wurin aikinsa. Mai kallo a gida yana ganin taswira a bayan mutumin, gizagizai na tafiya, launuka na juyawa. A ɗakin da ake ɗaukar shirin kuwa, bisa tsohuwar al'adar sana'ar, babu ko ɗaya daga ciki. Bango ne kore shar, ba zane ba rubutu, kwamfuta ce ke liƙa taswirar a kansa kafin hoton ya isa gidaje. Gwanin yana satar kallon wani ɗan talabijin da aka ajiye masa a gefe, yana miƙa hannu yana shafa iska, da ɗan maɓalli ɓoye a tafinsa yana latsawa hoto na sauyawa. Ko koren laktaye ba shi da ikon ɗaurawa, don in ya kuskura sai a ga tafkin Mishigan a ƙirjinsa. Mutumin da zai yi shekara ashirin yana nuna wa al'umma abin da ba ya nan, cikin natsuwa da ƙwarin gwiwa, ai ba ƙaramar tarbiyya ya samu ba.

Babban aikin da suka yi a wannan ƙarni, a nawa ganin, shi ne na birnin Niyok a ƙarshen Janairun 2015. Adalci ya sa in ce ba su kaɗai suka yi shi ba. Hukumar Kula da Yanayi ta ƙasar ce ta fara cewa birnin zai iya samun inci 20 zuwa 30, har a wani lokaci ta ɗaga zuwa ƙafa uku. Sai dai ita hukuma busasshiyar sanarwa take fitarwa, ba kiɗa ba launi. Talabijin ne ya ɗauki sanarwar ya yi mata kwalliya, ya sa mata ganga, ya kafa agogo a kusurwar allo yana ƙirga sa'o'in da suka rage. Ranar Lahadi 25 ga wata magajin gari Bill de Blasio ya fito riƙe da jerin manyan guguwar da birnin ya taɓa gani, ya ce wadda ke tafe tana iya shiga gabansu duka. Gwamna Andrew Cuomo ya hana motoci hawa titi daga ƙarfe 11 na daren Litinin, da tarar dala 300 ga mai kunnen ƙashi. Bai tsaya nan ba, ya rufe jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda tun buɗe shi a 1904 dusar ƙanƙara ba ta taɓa sa an rufe shi ba, kuma fiye da rabin hanyarsa a cikin rami take, inda ko ɗigo ba ya sauka. Jiragen dai sun kwana suna kai da kawo babu kowa a ciki, don kada dogo ya daskare. Wannan shi ne tsari: abin hawa na tafiya, fasinja na gida yana kallon talabijin.

A daren ne tashar CNN ta saka Don Lemon a wata mota da ta raɗa wa suna Blizzardmobile, wato motar guguwa, aka ɗaure mata kyamarori, ya raba dare yana zagaya titunan birnin yana ba duniya rahoto. Titi fayau, ɗan fari-fari a gefen hanya, fitilun mahaɗa na sauyawa daga ja zuwa kore babu mai jira. Kowane ɗan jarida zai iya ba da labarin bala'i in bala'in ya zo. Amma a ce mutum ya cika sa'o'i yana bayanin bala'in da bai iso ba, daga tsakiyar wurin da bai iso ɗin ba, ba tare da muryarsa ta yi rawa ba, wannan sai wanda Allah Ya ba.

Da gari ya waye aka sa rula a lambun Central Park, inda ake ɗaukar awon birnin a hukumance tun 1869, aka samu inci 9.8. Filadelfiya, da aka yi wa alkawarin fiye da ƙafa guda, ko inci 2 ba ta samu ba. Masana a kamfanin Moody's suka kiyasta cewa Niyok ta yi asarar harkar kusan dala miliyan 200, kuma nauyin ya fi sauka a kan waɗanda ake biya da awa: mai wanke kwanuka a gidan abinci, direban tasi, mai kai saƙo a keke. To, su ma ai sun samu hutun da ba su roƙa ba. Su kuwa masu hasashe ba su yi ƙarya ba, kada a zalunce su. Guguwar ta zo, ta dai ɗan karkata gabas da mil 50 ko fiye. Boston ta sha inci 24.6, garin Worcester ya sha 34.5, gabashin tsibirin Long Island ma ya binne. Kaya sun iso cif-cif, adireshi ne kawai aka kuskure, kuma mutum miliyan takwas da ke zaune a adireshin da ba daidai ba su ya kamata su binciki kansu.

Mutum ɗaya ne ya nemi ya zubar wa sana'ar da mutunci. Gary Szatkowski, shugaban ofishin hukumar yanayi da ke Mount Holly a jihar New Jersey, tun cikin daren ya hau Twitter ya nemi gafarar shugabanni da talakawa, ya ce sun yanke shawarwari masu wuya bisa zaton ofishinsa zai faɗi daidai, kuma bai faɗa ba. Ka ji ma'aikacin gwamnati, ba a horar da shi gaban kyamara ba. Shugaban hukumar na ƙasa, Louis Uccellini, shi ma ya biyo baya da cewa ya kamata a ce sun fi haka bayyana shakkun da ke cikin hasashen. Ashe da shakku. Lissafin kwamfutar Turai, wanda ya yi suna tun da ya hango inda guguwar Sandy za ta faɗa a 2012, shi ne ya ce Niyok za ta nutse. Na Amurka ya ce abin zai wuce ta gabas. Masana sun ga duka biyun, sun san birnin yana daidai bakin iyaka, inda 'yar gajeriyar tafiya a mota za ta raba mai inci 10 da mai inci 25.

A nan ne baiwar talabijin take, kuma a nan nake son masu sukar su su yi shiru su koya. Hasashen dusar ƙanƙara abu ne mai wuya ƙwarai. A ƙiyasin da aka saba, ruwan da zai ba da inci 1 in ya sauka a matsayin ruwa, zai ba da kamar inci 10 in ya sauka a matsayin dusa. In sanyi ya tsananta dusar ta yi sakayau, zai iya ba da 20 ko 30. In iska ta ɗan yi ɗumi dusar ta jiƙe, da ƙyar ya ba da 5. Kuskure kaɗan a lissafin ruwa, sai ya ninku sau goma a ƙasa. Ɗumin digiri ɗaya a can sama ya isa ya mai da dusar tsakuwar ƙanƙara, ko ruwa zalla. Mai gaskiya in zai yi magana kwana uku kafin guguwa, cewa zai yi tana iya zama inci 4, tana iya zama 20, mu jira jibi. Wa zai bar cin abincinsa don ya saurari wannan? Su kuwa gwanayenmu sun tausaya wa jama'a, sun cire musu wahalar "wataƙila". Hukumar yanayi tun bayan abin kunyar 2015 ta faɗaɗa fitar da taswira uku, ta mafi ƙaranci, da ta abin da aka fi zato, da ta mafi yawa wadda damar a kai ta ɗaya ce cikin goma. Ba sai na gaya muku wacce ce ta fi kyau a fuskar talabijin ba. Ta ukun ce ke da ruwan hoda da shunayya.

Kada kuma a ɗauka rashin sani ne. Wallahi sun sani, kuma wannan ne ya ƙara musu daraja a idona. Masu bin diddigin hasashe, irin su Eric Floehr na kamfanin ForecastWatch, sun gano cewa shekaru da dama in tashar The Weather Channel ta ce damar ruwa kashi 20 cikin 100 ce, kashi 5 kawai ake samun ruwan, kuma tashar ba ta musa ba. Hikimar a fili take. In ka ce za a yi ruwa ba a yi ba, mutum zai ji kamar kyauta aka ba shi. In ka ce ba za a yi ba aka yi, ya jiƙe, kai zai zaga. A birnin Kansas wani magidanci ya taya 'yarsa aikin makaranta, suka yi wata bakwai suna rubuta abin da tashoshin garin suka faɗa suna gwadawa da abin da ya sauka. Nate Silver ya yi nazarin alƙaluman a littafin da ya fitar a 2012, aka ga cewa a ranakun da tashoshin suka ce ruwa tabbas ne, ɗari bisa ɗari, kusan kashi ɗaya cikin uku ba a yi ruwan ba. Tabbacin da ke da ƙofar baya ke nan, kuma ba kowane malamin lissafi ne zai iya gina irinsa ba.

Sannan ga iya zaɓen lokaci. A al'adar talabijin ɗin Amurka akwai watanni huɗu da ake ƙidayar masu kallo don yanke kuɗin talla: Nuwamba, Fabrairu, Mayu da Yuli. Masu harkar sun daɗe da sanin cewa yanayi ne babban abin da ke kawo mutane kallon labaran gari. Sai Allah Ya sa Fabrairu ya faɗo a tsakiyar hunturu. A ƙarshen Fabrairun 2001, ana dab da rufe ƙidaya, wata tasha a Filadelfiya ta riƙa gilma rubutu a ƙasan allo ana tsakiyar wasan kwaikwayon dare, cewa babbar guguwa na tafe, a tsaya a ji bayani a labarai. Tauraron tashar, John Bolaris, ya zuzuta ta iya zuzutawa, kwanaki kafin ranar. Aka rufe makarantu, aka wawashe kantuna. Guguwar ta haura arewa ta bar wa Filadelfiya abin da bai taka kara ya karya ba. Mutanen garin, da yake ba su san darajar fasaha ba, har barazanar kisa suka riƙa aika masa. Ba wanda ya tsaya ya yaba cewa a daren da ake bukatar masu kallo, an same su.

A 2012 kuma The Weather Channel ta kawo abin da ya rage, ta fara raɗa wa guguwar hunturu suna. Hukumar yanayi ta ƙi amincewa, har ta umarci ma'aikatanta kada su riƙa kiran sunayen, wai guguwar hunturu ba ta da iyaka takamaimai irin ta teku, tana iya zama masifa a nan ta zama yayyafi a can. Tsohon tunani ke nan. Abin da ba shi da suna ta yaya za a yi masa take, a buga shi da manyan baƙaƙe, a yi ta yayata shi a intanet? Aka yi Athena, aka yi Nemo, wadda ta tuna wa yara kifin nan na katun, ta 2015 kuma aka kira ta Juno. Da an ambaci suna sai Ba'amurke ya zari mota ya nufi kanti, ya kwashi burodi da madara da ƙwai kamar za a yi shekara ba a fita, alhali jibi titi a share yake. Mai kanti ya yi ciniki, mai shebur da gishirin narkar da ƙanƙara ya yi ciniki, kuma dukansu suna da tallar da za su kai tasha. Wace ma'aikatar kasuwanci ce ta taɓa motsa tattalin arziki cikin dare ɗaya haka?

Yanzu bari mu leƙa wajen waɗanda ba su iya sana'a ba, wato masu awo. Na'urorin da aka kafa a filayen jiragen sama tun shekarun 1990 suna auna zafi da iska da ruwa, amma zurfin dusar da ta sauka har yau sai mutum ya fita da kansa. Da yawansu 'yan sa-kai ne, ba ko sisi. Akwai dubbai a tsarin masu sa ido na hukumar yanayi, wanda aka kafa tun 1890, akwai kuma na ƙungiyar CoCoRaHS, wadda Nolan Doesken ya assasa a Jami'ar Jihar Kolorado a 1998, bayan ambaliyar da ta ci rayuka a garin Fort Collins. Kayan aikin mutum falankin katako ne da aka shafa wa farin fenti don kada ya sha rana ya narkar da dusar, sai rula mai nuna ɗaya bisa goma na inci, sai 'yar tuta da zai kafa kusa da falankin don ya gane inda yake in ya binne. Zai ajiye shi a fili, nesa da gini da bishiya, inda iska ba ta tarawa kuma ba ta kwashewa. Da sassafe, wajen ƙarfe 7, tsoho ɗan fansho zai saka takalmin roba ya fita da tocila, ya durƙusa, ya soka rula a tsaye har ta taɓa katako, ya kawo idonsa daidai da saman dusar ya karanta, ya share falankin da hannun riga, ya ɗora shi a kan sabuwar dusar, ya koma ciki da yatsu a sandare ya rubuta 4.3. In iska ta hargitsa wurin, sai ya auna wurare da yawa ya raba. Dubi wannan wahala a kan lamba ɗaya da ba ta da launi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, kuma haka ya dace, tunda ita kurar ba ta iya murmushi gaban kyamara ba.

Har doka aka kafa musu, cewa kada a share falanki fiye da sau ɗaya cikin awa shida. Dalili shi ne dusar tana zama tana dannuwa, kamar gari a mudu in an girgiza shi. Wanda ke sharewa kowace awa yana tarawa zai samu lamba mai kumburi, wanda ya bari sai bayan kwana zai samu ta ragu. A Janairun 1997 wani ɗan sa-kai a ƙauyen Montague, gabas da tafkin Ontariyo, ya auna inci 77 cikin awa 24, abin da zai karya tarihin inci 76 da Silver Lake ta jihar Kolorado ta kafa a Afrilun 1921. Aka tura kwamitin masana suka bincika, suka ce mutumin ya yi aiki da gaskiya, amma sau shida ya auna maimakon huɗu, saboda haka ba a karɓa ba. A tsakanin masu awo, ƙarin awo biyu ya isa ya rushe tarihin ƙasa. A tsakanin masu hasashe, giɓin ƙafa biyu ba ya hana a sabunta kwantiragi. Ku faɗa mini wanne ɓangare ne ya fi wayo.

Abin da ya ƙara wa gwanayenmu kwanciyar hankali shi ne, ita kanta rular da za a kama su da ita ba ta tsaya da ƙafafunta ba. Kimanin shekara ashirin, masu gadin gidan namun daji na Central Park ne ke auna dusar birnin Niyok, a tsakanin sauran ayyukansu, masana kuma suna ta gunagunin cewa awon na fitowa ƙasa da gaskiya. A ƙarshen 2015 aka miƙa aikin ga ƙungiyar da ke kula da lambun. Wata guda bayan haka, a Janairun 2016, sai ga guguwar gaske, wadda kwana biyu kafin ta iso yawancin hasashe bai ba birnin rabin abin da ya samu ba. Aka sanar da inci 26.8, wato saura ƙiris ta kamo tarihin 26.9 na Fabrairun 2006. Sai a watan Afrilu, bayan dusar ta daɗe da narkewa ta bi kwata, bincike ya nuna an samu tangarɗa wajen isar da lambobi tsakanin masu awo da ofishin hukuma, aka gyara zuwa 27.5. Birnin ya karya tarihinsa bai sani ba sai bayan wata uku. A guguwar dai, a filin jirgin sama na Reagan da ke dab da Washinton, falankin awon ne ya ɓace a cikin dusa, masu aikin suka yi ta dabara, aka fito da 17.8, alhali filin jirgin Dulles da ke yammacin birnin ya rubuta 29.3. Na filin jirgin Newark kuwa an gano kowace awa aka riƙa aunawa, aka jingine lambar. To, wanda alƙalinsa ya ɓatar da ma'auni, wace shari'a zai ji tsoro?

Ko da an auna daidai ma, wuri ɗaya aka auna. A Nuwamban 2014 dusar da tafkin Erie ke haifarwa ta sauke wa wasu garuruwan kudu da gabashin Bafalo har ƙafa bakwai, rufin gidaje ya rufta, fiye da mutum goma suka mutu, amma filin jirgin saman birnin, inda ake rubuta awon hukuma, inci 17 bai cika ba. Tsakaninsu 'yan mil kaɗan ne. Mai hasashe da ya san wannan ba zai taɓa faɗuwa ba. Ya shafa launi mai faɗi a taswira ya rubuta 6 zuwa 12, ya ƙara da cewa wasu wurare za su fi haka. Gobe dole a samu wani tudu da ya kai 12, sai a tura ɗan rahoto can da rula a hannu, ya nemi inda iska ta tara, ya soka. Mai kallon da ya leƙa tagarsa ya ga inci 3 sai ya ɗauka unguwarsu ce ba ta da sa'a. Shi ya sa a gari ɗaya za ka ji wannan tasha na kirarin ita ce mafi daidaito, waccan na cewa ita ce ta farko wajen gargaɗi, ta uku kuma ita ce aka fi amincewa da ita, kowa da kambunsa, ba a bar kowa ya koma gida hannu rabbana ba.

Darasin nan har manya sun ɗauka. A Fabrairun 1969 an yi hasashen ruwa a Niyok, sai dusa ta sauka inci 15, mutum 42 suka mutu, unguwar Queens ta yi kwanaki ba a share ba, magajin gari John Lindsay ya je jaje aka yi masa ihu. A 1979 Michael Bilandic ya rasa kujerar magajin garin Shikago a hannun Jane Byrne, kuma dusar Janairun shekarar da aka kasa kwashewa na cikin manyan dalilai. Tun daga nan ɗan siyasa ya gane cewa gara ya rufe gari a banza sau goma da a kama shi sau ɗaya. Ita ma hukumar yanayi, da ake ganin ta fi ƙarfin irin wannan, ta nuna ba ta da girman kan ƙin koyo daga na ƙasa da ita. A Maris na 2017 ta ce Niyok za ta samu har ƙafa biyu. Ana gobe guguwar, lissafin kwamfuta ya nuna abin zai ragu sosai a biranen gaɓar teku. Kamfanin dillancin labarai na AP ya ruwaito cewa jami'an sun tattauna, suka yanke shawarar barin lambobin yadda suke, wai don kada jama'a su saki jiki. Aka samu inci 7.6. Ɗalibi ya kamo malami.

Masu neman aibu za su kawo zancen 15 ga Nuwamban 2018, ranar da aka ce wa Niyok ta sa ran inci ɗaya ko biyu, sai 6.4 ta sauka daidai lokacin tashi daga aiki. Gadar George Washington ta toshe, babbar tashar bas ta cika har aka hana shiga, yaran makaranta suka kai dare a cikin motoci. Za su ce ga ranar da ake bukatar ganga, kuma ba a buga ta yadda ya kamata ba. Ni kuwa na ce wannan ma hujja ce a kan masu son a rage zuzutawa. Da kullum ana cewa ƙafa biyu, da ranar ma an ce.

Saura in yaba wa shugabannin tashoshin, don su ne ke tsare martabar sana'a in wani ya nemi kauce layi. Kamfanin Sinclair, mai tashoshi da yawa a faɗin ƙasar, ya ƙirƙiro wani tambari da ya kira Code Red, jan gargaɗi, wanda ake mannawa a ranakun da aka ga yanayi zai iya ɓaci, rani da hunturu. A garin Springfield na jihar Ilinoi mutane suka gaji, suka yi ta ƙorafin cewa ana tsorata su a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ranar 5 ga Yunin 2019, Joe Crain, wanda ya yi shekara 15 yana hasashe a tashar WICS, ya tsaya gaban kyamara ana watsawa kai tsaye ya ce wa masu kallo ya ji kokensu, tambarin ba daga su ma'aikata ya fito ba, daga sama aka ɗora musu, kuma ba ya bambanta ƙaramin hadari da babba. Mutumin da ya yi shekara 15 yana ɓata inci nan da can ba a taɓa shi ba, ranar da ya faɗi abin da kowa ya tabbatar daidai ne, washegari ba a sake ganinsa a allo ba. Cikin kwanaki aka sallame shi. 'Yan kasuwar garin suka janye tallarsu, Sanata Dick Durbin ya goyi bayansa, tashar kuma ta nuna tana jin maganar jama'a: ta sauya wa tambarin suna zuwa Weather Warn. Shi kuwa Crain ya samu aiki a gidan tarihin Abraham Lincoln da ke garin, shugaban da Amurkawa ke yi wa laƙabi da mai gaskiya, inda ake adana kayan da aka daina amfani da su a cikin gilashi, 'yan makaranta na zuwa kallo.